Taku Ɗaya a Gaban Nasiru

Talata, daga Unguwar Rogo

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gida, da jakar leda a hammata. A cikinta akwai takalmin gudu, da gajeren wando biyu, da hotunan fasfo guda biyu waɗanda ban san abin da za a yi da su ba. Inna ta rako ni har zaure tana jero mini tambayoyi.

Sunana Sabitu, tela ne ni. Ƙanena Nasiru makaho ne. Yana ɗan shekara shida ƙyanda ta tafi da idonsa, tun daga ranar ni nake masa jagora, shekara ashirin ke nan. A makarantar makafi ya koyo gudu. Da ya dawo gida, kowace safiya sai mu riƙe 'yar igiya, shi ɓari ni ɓari, mu bi titin Bauci har rana ta ɗaga. Shekarar da ƙasarmu ta karɓi baƙuncin babbar gasar ƙasashen Afirka a Abuja, aka haɗa har da wasannin naƙasassu, sai aka ɗauke shi cikin tawaga. Suka ba shi ɗan jagoransu mai takarda, ni kuma aka ce in koma kan keken ɗinkina. Na koma, amma abin ya tsaya mini a rai.

Ranar Litinin da la'asar Madam Ngozi, maƙwabciyar shagona a kasuwar Taminus mai buga waya a ƙarƙashin lema, ta leƙo ta ce, "Oga Sabitu, ɗan'uwanka ya kira. Ya ce mutum da yana gudu da shi, ƙafa ya gurɗe. Idan ba ka zo ba, shi ba zai gudu Alhamis ba. Ka kawo takalmi da foto biyu."

Na ce, "In same shi a ina?"

"Ya ce Abuja."

"Abuja ta ina, Madam?"

"Layi ya yanke."

Iyakar abin da na sani ke nan lokacin da na hau acaba zuwa tasha. In ban isa ba, wahalar da yaron nan ya sha ta shekara huɗu ta tashi a banza.

Hanya

Fijo ce mai dogon baya, naira ɗari bakwai kujera, ba ta cika ba sai shida da minti ashirin. Muka wuce Bukur, muka gangara Hawan Kibo cikin hazo, direba yana taka birki yana waƙar coci, ni ina salati, kowa dai yana yin abin da ya iya.

A gindin hawan muka tarar da shinge. Wani ɗan sanda ya leƙo, ya tambayi kowa inda za shi. Da ya zo kaina na ce, "Abuja, zan je in yi wa Najeriya gudu."

Ya dubi fuskata, ya dubi tumbina, ya ce, "Kai ɗin?"

Na ce, "Ba ni ne mai gudun ba, Oga. Amma zan yi gudun."

"To gudu za ka yi ko ba za ka yi ba?"

Na fara bayani tun daga ƙyanda. Bai bari na kai makarantar makafi ba ya bugi rufin mota ya ce mu tafi. Har muka isa Akwanga, tara saura minti goma, fasinjoji suna kirana Ɗan Najeriya. Can muka karya da soyayyiyar doya da yaji, na naira hamsin. Kefi ƙarfe goma. Daga Mararraba zuwa Nyanya kuwa, tafiyar da ba ta kai kilomita biyar ba, sai da muka ci minti arba'in.

Abuja

Sha biyu saura na sauka, na ce wa mai tasi ya kai ni inda ake wasa. Ya kai ni sabon filin wasa, abu kamar an kifa ƙaton kwano. Masu gadi suka ce 'yan wasa ba nan suke kwana ba, suna da unguwarsu daban. Na sake shiga wata motar.

A ƙofar unguwar 'yan wasan aka ce ba a shiga sai da kati mai hoto. Sai a nan na gane amfanin hotunana, na ciro su da murna. Aka nuna mini rumfar yin kati. Mai rumfa ya ce sai wanda sunansa ke cikin takardar tawaga. Na tambayi inda takardar take, ya ce tana wurin koci mai horar da su, koci kuma yana ciki. Na koma ƙofa na ce zan shiga wurin koci, suka ce ina katina. Sau uku ina wannan zagaye, har na fara zaton ko ni ne ban iya tambaya ba.

A na huɗun raina ya ɓaci, na ɗaga murya. Ina cikin faɗa wata doguwar bas ta tsaya a ƙofa, cike da mutane masu riga kore da fari. Sai na ji daga taga an ce, "Direba, dakata. Wannan rigimar ta Yayana ce."

Nasiru ne. Duk masu idon da ke wurin ba wanda ya san da ni, shi ya tsamo ni da kunne.

Kocinsu, wani Bayarabe mai suna Bayo da ya tashi a Zariya, ya sauko ya riƙe hannuna, cikin minti goma kati ya fito. Aka rataya mini a wuya, aka ba ni riga kore da fari wadda ɗinkin hammatarta bai yi mini ba.

A ɗakin cin abinci na ga tawagarmu sosai. Ga masu ɗaga ƙarfe a kan kekunan guragu, ƙirjin kowanne ya yi biyun nawa. Ga wata mai hannu ɗaya 'yar wasan ƙwallon tebur, tana ɓare lemo da haƙori tana tsokanar kowa. Na ɗebi shinkafa da kaza na tsaya ina neman wurin biya, suka yi ta dariya har wani ya ƙware. Masauki ɗaki ne mai gado huɗu, da fanka, da ruwan zafi a famfo.

Laraba, filin atisaye

Ƙarfe bakwai Koci Bayo ya kai mu fili. Tseren Nasiru mita dubu ɗaya da ɗari biyar ne, zagaye huɗu saura kwata. Koci ya ja layi da alli ya ce, "Malam Sabitu, dokoki biyu ne. Kada ka ja shi, kada ka tura shi. Na biyu, a layin ƙarshe shi zai fara tsallakawa. In ƙirjinka ya riga nasa ko da ɗan yatsa ne, an cire shi."

Na ce, "Koci, ban gane ba. Ni ne jagora."

"Kai ne."

"Kuma ina baya?"

"A layi, kana baya."

"To in ina baya, wa yake jagorar wa?"

Ya ce, "Ba muhawara na kira ka ba, gudu na kira ka."

Ni dai a iya sanina, mai jagora gaba yake shiga. Shi zai fara taka taɓo, shi zai fara karo da mai baro, shi zai ce a ba da hanya. Bugu da ƙari ni ne babba. Ban taɓa ganin ƙeyar Nasiru a kan hanya ba, sai in aski na kai shi.

Muka gwada sau goma. Uku na farko na riga shi. Na huɗu na ja birki da wuri har igiya ta fizge shi baya, ya ce, "Haba Yaya, ka zaɓi ɗaya mana." Shidan ƙarshe suka yi daidai. Koci ya ce in riƙa ƙirga taku goma kafin layi, in rage ƙafa a na bakwai. Yinin ranar ina ƙirga taku, har a hanyar masallaci.

Alhamis, babban fili

Huɗu da minti goma na yamma aka fito da mu, makafi shida da 'yan jagora shida. Ban taɓa jin hayaniya irin wannan ba. Da mai lasifika ya ambaci Najeriya sai filin ya ɗauka gaba ɗaya, da ganguna da kakaki. Nasiru ya matso ya ce, "Mutum nawa ne, Yaya?" Na ce, "Sun fi na Taminus ranar jajibirin Salla."

Aka harba bindiga. Aikina in riƙa faɗa masa hanya: kwana, miƙe, mutum a dama, buɗe ƙafa. Da Hausa nake yi, don haka ba wanda ya san sirrinmu. Zagaye na farko muna na biyar. A na uku muka wuce biyu. Da aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe, numfashina ya ƙare, nasa kuwa kamar yanzu ya fara. A kwanar ƙarshe muka wuce wani, ya rage wani dogo daga gabashin Afirka wanda ya yi mana nisa. Na ce, "Kai ne na biyu, Nasiru, miƙe kawai."

Na fara ƙirga. Ɗaya, biyu, uku. A na biyar na hango mai ɗaukar hoto durƙushe a gaba, can bayan layi, daidai saitin Nasiru. Daga nan ban san inda ƙirgar ta tafi ba. Abin da na sani shi ne mun tsallake, mai hoton ya kauce, fili ya rikice da ihu.

Wani ya miƙo mana tuta daga cikin 'yan kallo. Nasiru ya yafa ta, yana dariya yana kuka. Masu ɗaga ƙarfe suna ta buga ƙafafun kekunansu. Mun yi kusan minti ashirin a haka, sai ga Koci Bayo da takarda a hannu, ba ya dariya.

Ya ce, "An cire mu."

Na ce, "An cire wa? Ai ga tuta."

"Hoton layi ya nuna kafaɗarka a gaban ƙirjinsa."

Na rantse ban yi ba. Da gaske nake, ban san na yi ba. Koci ya kai ni wani ɗaki aka nuna mini a talabijin, sannu a hankali. Ga ni nan, na karkata, na sa kafaɗa a gabansa, hannuna na hagu a miƙe kamar mai cewa a ba da hanya. Mai hoton kuwa yana da nisan taku goma sha wani abu daga layin.

Da na fito Nasiru ya ce, "Da nawa?"

Na ce, "Taku ɗaya."

"Me ka gani?"

"Mutum a gabanka."

Ya cire tutar ya ninke ya miƙo mini. Na tsaya da ita a hannu, ban san mai ita ba, ban san wa zan mayar wa ba. A rayuwata ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan yammacin ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Juma'a, komawa

Koci ya sallame mu bayan karin kumallo. Ya ce Nasiru ya ci gaba da atisaye, akwai gasar ƙasa baɗi. Ni kuma ya dafa kafaɗata kawai. Bakwai da rabi muka bar Nyanya, wannan karon a bas, naira ɗari shida. A Akwanga na sayo masa ayaba da gyaɗa, ya karɓa ya ce ya gode, kamar baƙo. Na yi ta shirya ban haƙuri a raina, duk wanda na shirya sai in ji bai isa ba. A Hawan Kibo na ce, "Nasiru." Ya ce, "Bari mu isa gida, Yaya."

Sha biyu saura kwata muka sauka a bakin titin Bauci. Daga nan zuwa ƙofarmu tafiyar minti bakwai ce, cikin lungu. Na miƙa masa gwiwar hannuna kamar kullum. Bai kama ba. Ya zaro farar sandarsa daga jaka ya warware ta.

Ya ce, "Koma baya."

"Akwai kwata a buɗe wajen mai nika."

"Na sani. Koma baya, Yaya. Daga yau a bayana za ka riƙa tafiya, har ka iya."

Na koma. Ya tsallake kwatar ba tare da sandar ta taɓa ta ba. Ya gai da mai nika da sunansa, ya kauce wa turken akuyar maƙwabta, ya sunkuya daidai inda kwanon rumfar mai kayan miya ya zazzago. Sau biyu hannuna yana miƙewa da kansa, ina mayar da shi aljihu. Mutanen layi suna yi mana sannu da zuwa, suna kallona, ni ma ban san yadda ake tafiya a bayansa ba.

Inna tana tsakar gida ta ji sallamarsa kafin tawa. Ta ce, "Kun ci?"

Ya ce, "Na zo na biyu, aka cire ni. Yaya ne bai iya ba tukuna. Zan koya masa kafin baɗi."

Ta dube ni tana jiran bayani, na ce ta bari in sha ruwa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Madam Ngozi da ta kawo saƙo, da Koci Bayo da ya yi haƙuri da ni, da mai tutar nan, in ya karanta wannan ya san tana wurina a ninke. Bayan mun huta na tambayi Nasiru tun yaushe ya san hanyar lungunmu shi kaɗai. Ya ce tun yana ɗan shekara tara. Na ce to me ya hana shi faɗa mini.

Ya ce, "Na ga kana so ne, Yaya."