Shekarar da Fentin Malam Ya Bushe

Maigidana mai zanen mota ne. A farkon shekarun dubu biyu, da wuya ka ga gingimarin da ke kwasar tumatir daga Kadawa zuwa kudu babu hannunsa a jikinta. Zaki, ɗawisu, masallaci mai koriyar tulluwa, duk yana yi. A gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu a Kura yake aiki, kullum rigarsa na warin kananzir.

Da rani ɗanmu na fari ya rasu, bai daɗe da shiga firamare ba. Ya bi yaran unguwa wanka a kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, ashe ranar an sako ruwa da ƙarfi. Wani mai ban-ruwan albasa ne ya tsamo shi.

Saboda kunyar ɗan fari, ban taɓa kiran sunansa ba yana raye. Da ya mutu ma haka na zauna idona a bushe, mata na shigowa gaisuwa suna yaba haƙurina. Malam kuwa ya tattara gwangwanayen fentinsa ya tura ƙarƙashin rumbu, ya koma taya yayansa aikin gona. Direbobi suka yi ta sallama har suka gaji. A ɗaki ɗaya muke, amma ba mai ɗauko zancen yaron.

Bayan damina wani dattijon direba, aminin mahaifin Malam, ya zo da motarsa an yi mata sabon bodi, katako fari tas. Daga tsakar gida nake jin su.

"Baba, ka yi haƙuri, hannun ya ƙi," in ji Malam.

"Ɗana, ni ma biyu na binne, na san abin. Tumatir bai nuna ba tukuna. Ga ta nan, ba sauri nake ba."

Ya bar motar ya hau acaɓa ya tafi.

Ta daɗe a wurin, har awaki suka mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Malam ya fita ya dawo, ko kallonta ba ya yi. Sai wata safiya na gan shi durƙushe gaban rumbu yana buɗe gwangwanaye. Duk sun bushe. Ya sa hula ya tafi Kano ya sayo sababbi.

Kashegari da azahar na kai masa abinci zaure, na leƙa. Babu zaki a allon bayan motar. Gonar shinkafa ce shar, belbelu a ciki, kanal ya ratsa ta gefe. A bakin ruwan ya bar wani ɗan fili bai taɓa ba. Ya shigo zauren da burushi a hannu, idonsa a ƙasa.

"Wace kala ce rigar da yaron nan ya fita da ita ran nan? Na yi na yi, na kasa tunawa."

"Ruwan ɗorawa ce, Malam," na ce. "Maɓallin wuyan ya cire, na ce ya tsaya in ɗinke masa, ya ce sai ya dawo."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Kukan da ban yi ba ranar jana'iza, a zauren nan na yi shi. Malam bai ce in yi haƙuri ba. Ya zauna kusa da ni, muka yi ta zancen yaron, yadda yake tsoron zakaran maƙwabta, yadda yake lashe ƙanzon tukunya, har abincin ya huce.

Da la'asar ya haɗa kalar. Ya zana shi ɗan ƙarami, ya ba da baya, yana tsaye a kan gaɓa, ƙafafunsa ba su taɓa ruwa ba.

Da dattijon ya zo ɗaukar motarsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Allah ya sa mai ceto ne," ya tayar ya tafi.

A hankali aiki ya dawo wa Malam. Motar kuwa ta yi ta zirga-zirgar kudu har ta tsufa. Duk ranar da ya hange ta a titi, sai ya shigo ya ce min, "Yau na gan shi, sun yi lodin albasa." Ni kuma in ce Allah ya kai su lafiya.