Ranar da Wasan Taubasai Ya Hau Talabijin

Duk wanda ya zauna a unguwar Hayyin Ashir ta birnin Alƙahira a 'yan shekarun nan ya san Azumi mai shayi. Ko bai san fuskarta ba, ya san muryarta. Teburinta na bakin lungun da ke bayan tashar ƙananan motoci, da butocinta da kwalaben citta da kirfa da kanumfari. Ni Humaira, daga Zariya na biyo maigidana da ya zo karatu, kuma bene ɗaya muke haya da ita, ƙofa na kallon ƙofa. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba.

Azumi Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar zuwa Makka a ƙafa, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Yaƙi ne ya koro ta Masar bayan ya ci mijinta da gidanta. Ba ta iso da kowa ba sai Awadiyya, 'yar kawunta, wato taubashiyarta. Tare suka ratso hamada a bayan akori-kura, suna karɓa-karɓar gora ɗaya ta ruwa. Duk faɗin Alƙahira, Awadiyya ce kaɗai jininta, kuma ɗaki ɗaya suke kwana.

Wanda bai san wasan taubasai ba zai rantse gaba suke yi. Ban taɓa jin sun gaisa kamar mutane ba. Wai tun suna yara aka kama Awadiyya a wani taron suna da tsokar nama a kunci, shi ke nan Azumi ta samu abin yi har tsufa. Da ta hango ta sai ta ɗaga murya: "Awadiyya mai dogon hannu, tukunya na ganinki ta rufe bakinta!" Ita kuma ta mayar mata: "Rediyo mai jini, wa ya kunna ki da sassafe?" Ƙa'idar ita ce ba a fushi, ba a kai ƙara, tsiya da tsiya ake ramawa. Alhali kowa ya san Awadiyya mace ce mai amana. Aikatau take yi a gidan wasu Misrawa can nesa, a can take kwana, sai ranar Alhamis take dawowa, kuma har mabuɗan gidan a hannunta suke.

Allah ya ba Azumi baiwar kwaikwayo. Takan yi maka muryar kwandasta, ta juya ta yi ta maigadin benenmu yana masifa a kan shara, har sai shayi ya sarƙe ka. A haka wata Bamisriya mai suna Dalia ta ji ta. Dalia na aiki a wani kamfani da ke yin katun, ba irin na yara ba, na manya, mai shaguɓe a kan mazauna wani bene da mai gidansu da tsadar rayuwa. Ta ce a wani kashi na shirin akwai 'yar aiki baƙar fata, suna son murya ta gaske.

Abin da Azumi ba ta sani ba, ni ma ban sani ba, shi ne yadda suke aikin. Murya ake fara ɗauka, zane sai daga baya. Aka shigar da ita wani ɗan ɗaki mai soso a bango, ita kaɗai, aka ɗora mata abin ji a kunne, ta karanta abin da aka rubuta mata da Larabci. Ba ta ga hoton kowa ba. Da ta gama sai Dalia ta ce, "Yalla, maza yi mana wani abu da yarenku, kamar kina yi wa wani faɗa." To, baki abin da ya saba shi yake faɗa. Ta rangaɗa kirarin Awadiyya, da suna da komai. Suka yi ta dariya, suka tambayi ma'ana, ta fassara musu, ta ƙara da labarin tsokar nama. Da ta dawo har rawa take yi a matakala. Ta ce min, "Humaira, wannan karon na gama da ita. Ta rama a talabijin in ta isa!" A ganinta wasa wasa ne ko a ina aka yi shi.

Ranar da za a nuna, ta gayyato mu gidan abincin Mazin, wani ɗan Sudan mai babbar talabijin. Bayan magariba wurin ya cika. Aka fara, ana ɗan dariya. Sai ga 'yar aikin ta fito. Sun zana ta baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, leɓe ja jawur ya cinye rabin fuska, hannaye har gwiwa. Uwar gidan ta ƙwala mata kira, kuma sunan da ta kira shi ne Awadiyya. Ashe labarin ya yi musu daɗi har suka sake rubuta kashin a kansa. Muna kallo ta buɗe firji ta cusa nama a kunci, ta wuce ɗaki ta haɗiye 'yan kunnen uwar gida, tana taka rawa tana yi wa kanta kirari da muryar Azumi, ga fassarar Larabci a ƙasa don kada kowa ya rasa.

Mazin ya miƙa hannu ya kashe talabijin. Na dubi Azumi na ga shayi na zuba a kan zanenta ba ta ma sani ba. Abin da kawai ta ce shi ne, "Gidan da take aiki suna kallon wannan?"

Washegari masu sharhi suka taso. Wani ya rubuta a jarida cewa wannan kashin abin kunya ne, tsohon cin mutuncin baƙar fata ne aka sa wa sabuwar riga. Wata ta mayar masa da cewa shirin bai bar kowa ba, don me za a ware wasu. Wani kuma, Allah ya shirye shi, ya ce labarin bai da kai amma muryar 'yar aikin ita ce abu mafi rai da aka ji a shirin bana. Aka zauna a talabijin ana ta cacar baki a kan mutuncin Afirka. Abin da ya fi ƙona min rai, duk wanda zai yi Allah wadai sai ya fara sake nuna wurin, wai don mutane su ga munin abin. Ba ɗaya a cikinsu da ya tambaya ko akwai wata mace mai wannan suna da ke wanke kwanukan wani a garin nan. Kamfanin ya janye kashin, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kafin mako ya raba, masu tuk-tuk, wato a-daidaita-sahu, na unguwarmu sun mai da kirarin ƙarar wayarsu.

Azumi ta kira Dalia. Ina zaune na ji ana cewa, "Ma'alish, ki yi haƙuri, barkwanci ne, kuma ai masu sunan suna da yawa." Ta kira Awadiyya, waya ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta sake kira, haka. Ba ta san ko ta gani ba, ko aiki ne ya yi mata yawa, kuma ba ta san gidan ba balle ta je. Ta daina cin abinci. Tana fita da tebur, amma shiru take zuba shayi, duk tuk-tuk ɗin da ya wuce sai ta zabura.

A cikin kwanakin nan ne wani ɗan jarida mai suna Husam ya zo har teburinta. So yake ta ce an yaudare ta, an sa mata magana a baki, don ya samu abin dukan kamfanin. Da ta ce haka da ta wanke kanta a idon unguwa, ni ma har ƙifta mata ido na yi. Ta ce, "Zanen nasu ne, Allah ya isa. Amma maganar tawa ce, ba wanda ya koya min." Ya rufe na'urarsa ta ɗaukar murya ya tafi, don ba abin da ya zo nema ke nan ba.

Ranar Alhamis ta share ɗaki, ta yi kisra, wainar 'yan Sudan, da miyar kuɓewa, ta zo ta zauna a bakin ƙofata. Duk motsin da aka yi a matakala sai ta riƙe min hannu. Wajen la'asar muka ji takun da muka sani, a hankali. Awadiyya ta bayyana da jakarta, da wani ƙullin kaya da ba ta saba dawowa da shi ba.

Azumi ta miƙe tsaye.

Awadiyya ta dube ni, ba ita ba. Ta ce, "Humaira, 'ya'yan gidan ne suka kunna min a waya. Uwarsu ta yi dariya har da hawaye. Yau da zan fito, ta tsayar da ni a ƙofa ta ce in buɗe jaka ta gani. Ta ce wasa take yi." Ta ajiye ƙullin a ƙasa. "Na buɗe. Na zazzage mata komai a ƙasa, na ajiye mata mabuɗanta a kai. Khalas, shi ke nan."

Azumi ta durƙusa. "'Yar kawu, zage ni. Don Allah zage ni, ki zagi bakina, ki tara unguwa ki rama."

"Me zan rama?" in ji Awadiyya. "A gida kina faɗa ina da bakin amsawa. Wa zan amsa wa yanzu? Duk Masar?"

Ta shiga ciki ta haɗa sauran kayanta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa abincin ba. Ta koma unguwar Hadayek el-Maadi wurin wata 'yar garinsu mai suna Malaz, inda ba a san fuskarta ba.

Surutun masu sharhi bai daɗe ba ya mutu, suka samu wani shirin suka koma kansa. Azumi na nan da teburinta, sai dai ba ta ƙara kwaikwayon kowa ba. Masu shan shayi sukan roƙe ta, ta ce muryarta ta dushe.

Da ƙaramar salla ta ce in raka ta. Muka hau mota, muka hau jirgin ƙasa, tana rungume da kwanon cincin, tana ta maimaita abin da za ta faɗa. Awadiyya ce ta buɗe ƙofa. Ta yi mana maraba, ta shimfiɗa mana darduma, ta kawo shayi a kofunan baƙi. Ta zauna nesa kaɗan ta ce, "Barka da salla, Yaya Azumi. Ina gajiya? Ya sana'a?" Ni da ke gefe sai da jikina ya yi sanyi.

Azumi ta kurɓi shayin. Na ga ta tattaro duk ƙarfin da ya rage mata, ta ƙaƙalo murmushi, ta ɗaga kofin ta ce, "Wannan shayin naki kuwa, ko ruwan wanke kwano ya fi shi kauri."

Muka zuba wa Awadiyya ido, muna jira.

Ta miƙe tsaye, ta karɓi kofin da hannu biyu cikin ladabi, ta ce, "Ki yi haƙuri, Yaya. Bari in sake miki wani."