Gaisuwar Suruki a Bakin Gada

Shekarar da aka sake gina gadar garinmu ita ce shekarar da na fara aikin da ake biya ƙarshen wata. Kafin nan abin da ya samu nake yi, yau dako a kasuwar Kara, gobe ɗiban yashi a bakin kogi. Karatuna bai wuce firamare ba, shi ma ban riƙe shi da kyau ba, kuma ba laifin malamai ba ne.

Duk wanda ya san Wudil ya san gadar nan ba ta rufuwa. Motar da ta taso daga Kano za ta gabas ta nan za ta bi, shanun da aka saya a Kara ta nan za su fita. Saboda haka masu aikin suka ce rabi-rabi za su yi: su sauke gefe ɗaya su gina sabo, motoci na bi ta ɗaya gefen, in sun gama su juya. Hanya ta koma hannu ɗaya. Sai an tsayar da na wannan ƙetare kafin na wancan su wuce.

Mu biyu aka ɗauka aikin tsayarwa. Ni a bakin gada ta wajen gari, abokin aikina, wani masunci mai yawan dariya, a can tsallake. Aka ba kowa koriyar tuta a jikin doguwar sanda. Heluma, wato shugabanmu na leburori, ya yi mana bayani. Muddin tutata na sama, motocina ne ke shiga, abokina ya riƙe nasa. In na sauke, na rufe ke nan, shi kuma in ya ga gada ta yi fili ya saki nasa.

Na ji daɗin aikin nan fiye da yadda ya kamata. Ni da ba a ko amsa mini sallama a tasha, ga manyan mutane cikin manyan motoci suna jiran in ɗaga hannu. Wani lokaci nakan ƙara wa mai yawan hon jira don kawai ya san ina wurin. Allah ya yafe mini.

Garin ma bai yi asara ba. Masu soya kifi da aka tasa daga gindin gada, sai aka ba su wuri daidai inda layi ke tsayawa. Direba ba shi da abin yi sai kallon kasko, ƙarshenta ya miƙo hannu ta taga. Motar ruwa na zagayawa tana yayyafi don ƙura kada ta shiga gidajen mutane. Ran Juma'a kuwa ana kashe injina tun kafin kiran salla. Har waɗanda suka fi kowa ƙorafi da farko suka koma kawo tabarma suna kallon yadda ake ɗaure rodi.

Surukina, mahaifin matata, manomi ne a wani ƙauye na tsallaken kogi. Ya ba ni 'yarsa lokacin da ba ni da komai sai ƙarfin jikina, bai taɓa goranta mini ba. Duk Juma'a yakan zo kasuwa a kan kekensa da sassafe, ya koma da hantsi don ya yi salla a garinsu. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. In na hango shi, takalmi na fita, gwiwa ta kai ƙasa, ba sai na yi tunani ba.

Juma'ar farko da na kama aiki ban lura da shigowarsa ba, ya bi cikin taron masu babur. Komowarsa ce ta same ni. Tutata na sama, ƙananan motoci sun shige, wata tirela cike da shanu tana ta nishi a baya tana neman hawowa. Sai ga Baba a gabana ya sauko daga keke. Na tuɓe takalmi na durƙusa, sandar tuta ta kwanta a cinyata.

"Barka da hantsi, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ya aikin? Ya iyali? Ya mai jiki, ƙafar ta daina kumburi?"

Matata na da ciki a lokacin, ita yake nufi. Ina amsawa kaina a sunkuye, shi yana tambaya, ni ina tambayar mutanen gida da shuka. Tirela ta wuce ta bayana, wasu suka bi ta. A can tsallake abokina ya ga tuta ta sauka, ya ga ƙananan motoci sun fita, ya saki nasa. Motar farko a layinsa babbar mota ce mai ɗauke da siminti.

A tsakiyar gada suka haɗu, hanci da hanci. Allah ya tsare, dukansu a hankali suke tafiya, ko fenti bai goge ba. Amma gaba babu hanya, baya layi ya cika. Shanu suka fara kuka, direbobi suka fito.

"Kai mai siminti, ja da baya mana. Ba ka ga masu rai na ɗauko ba?"

"To su sauko su tura ni, tunda suna da rai."

Heluma ya iso yana haki. Shi da 'yan kamasho suka dinga mai da motoci baya ɗaya bayan ɗaya, har rana ta take. Da ƙyar aka samu Juma'a. Bayan salla ya kira ni gaban masu kifi ya ce, me ya sauke tuta? Na buɗe baki na ce hannuna ne ya sage. Ban rufe ba wata dattijuwa mai tuya ta ce, "Wane hannu? Surukinsa ne ya zo, ya zube." Wurin ya ɗauki dariya. Heluma ma ya so ya yi, ya danne.

"Ni ma ina da suruki," in ji shi. "Amma ka ji da kyau. In tutar nan ta sake sauka ba lokacinta ba, ka ajiye mini ita ka koma yashi."

Makon nan ban ji daɗin abinci ba. Juma'a na zuwa, Baba na zuwa. In na durƙusa, aiki ya tafi, ga haihuwa a gaba. In na tsaya ƙiƙam ina kallonsa, da wane ido zan shiga gidansa? Kuma ba maganar da zan iya kai masa ba ce. Na ce wa matata ko ita za ta faɗa masa.

"Malam, in ce masa me? Baba, ka daina bi ta gaban surukinka?" Ta yi dariya har ta riƙe ciki. "Ka ɗaura tutar a ka, kamar gammo."

Abokina masunci ya ce mu yi musanyar wuri, sai muka tuna Baba ta duka bakin biyu yake bi. Na gwada durƙuso da hannu a sama a bayan gida, matata ta leƙo ta ce kamar ɗan makaranta da aka ba horo.

Juma'a ta zo. Da safe Baba ya shigo ta can gefen titi cikin masu babur, bai waiwayo ba. Da hantsi, tutata na sama, na hango farar hularsa cikin layi. Masu keke ba sa jira, ta gefe suke lallaɓawa su wuce. Shi kuwa ya sauka, ya jingine kekensa a jikin turken wuta, ya tsaya yana kallon kaskon kifi kamar mai shirin saye. Motoci suka yi ta shiga, bai motsa ba. Lokaci ya yi, na tare layi, na sauke tuta. Sannan ya turo kekensa ya tsaya a gabana.

"To, ta sauka," ya ce. "Bismilla."

Na zube. Daga baya na ji a bakin masu kifi, ashe waccan Juma'ar yana tsaye a bakin gada ya ga komai, ya kuma tambaye su yadda tutar ke aiki. Bai ɗauko zancen ba, ni ma ban ɗauko ba. Muka gaisa a tsanake, motocin tsallake na wucewa ta gefenmu. Ni kaina na ƙasa, shi idonsa na can tsallake. Can ya katse tambayar da yake yi a tsakiya.

"Tashi, abokinka ya sauke. Ga ta ƙarshe nan tafe, mai lodin albasa."

Haka muka yi har aikin ya ƙare. Masu kifi suka riƙa ajiye masa benci, heluma kan zo ya gaishe shi, shi ma a durƙushe. Ranar da matata ta haihu ina bakin aiki, Baba ne ya kawo labari, kuma sai da ya jira tuta ta sauka ya faɗa mini.

Da aka buɗe gada duka hannu biyu, na mai da tuta, heluma ya ce in biyo su aikin kwalbati da ke gaba. Juma'ar da ta biyo na je bakin gada don kawai in ga motoci na wucewa babu mai tsayar da su. Sai ga Baba. Na tuɓe takalmi na durƙusa. Ya tambayi mai jego, ya tambayi jariri, ya tambayi sabon aiki, ya koma kan gero da farashin taki, ya sake dawowa kan jariri. Gwiwoyina suka fara raɗaɗi, na ɗan muskuta.

"Zauna daidai," ya ce. "Yau babu mai tashe ka."