Yadda Na Ɓatar da Kawu a Jirgin Tokyo

Daga Jurf zuwa Narita

Mun bar gida a Jurf, unguwarmu a Madina, kafin kiran sallar asuba, ni da Kawu Idrisu, yayan mahaifiyata. Ɗansa Bashir, mai sana'ar tsofaffin motoci a Japan, shi ya aiko masa da gayyata, ni kuma aka haɗa ni da Kawu don tsufansa da ciwon sukari. Aikina tuƙa baƙi ziyara Dutsen Uhudu. Kawu ma ya tsufa ne a rumfarsa ta dabino a gindin dutsen. Kamar yadda na saba yi wa alhazai, tun a mota na karɓi fasfonsa da wayarsa da maganinsa na zuba a jakata.

Muka canza jirgi a Doha, muka sauka Narita washegari. Ma'aikacin filin jirgi ya juya ledar dabinonmu, ya ga busasshe ne, ya sunkuya ya miƙo mana da hannu biyu.

Saitama

Bashir ya ɗauke mu zuwa Saitama, arewa da Tokyo. Wannan yanki sunansa Kanto. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai faɗi, duwatsu sun tokare shi ta yamma da arewa, teku ta gabas da kudu. Muna ta tafiya gida na bin gida, ban ga inda gari ya ƙare wani ya fara ba. Ɗan filin da ya rage tsakanin gidaje sai ka ga an shuka shinkafa a ciki. Ɗakin Bashir kuwa, in muka shimfiɗa katifu uku ba wurin taka ƙafa. Abincinmu kifi da shinkafa da shayi mara sukari.

Yokohama da Kamakura

Ya kai mu Yokohama, bakin ruwan da ake loda motocinsa. Kawu ya daɗe yana kallon jiragen ruwa. Daga nan muka gangara Kamakura, garin da ke tsakanin tudu da teku, inda akwai wani ƙaton gunkin tagulla a zaune a fili. Muka kalla daga nesa muka wuce. A bakin tekun muka yi sallar la'asar a kan yashi baƙi-baƙi, ba wanda ya ko waiwaye mu.

Tokyo

Ranar da za mu shiga Tokyo aiki ya riƙe Bashir. Ya raka mu tashar Ueno, ya fara yi mana bayanin jirgin ƙasa mai koren layi. Shi haifaffen Madina ne, kana masa Hausa yana mayar maka da Larabci. Na katse shi.

"Kai Bashir, halas, ya isa haka. Mutumin da ke fitar da mota daga Harami bayan sallar Juma'a a watan azumi, shi za ka koya wa cunkoso?"

"Tayyib, ya Sa'idu," in ji shi. Ya ƙarasa bayaninsa ga Kawu, ni ina can ina kallon allon talla. Girman kai ne, ba wani abu ba. Allah Ya yafe mini.

Jirgi ya zo. Na tura Kawu ciki, na juya in ɗauko ledar da na ajiye a ƙasa. A motata ƙofa ba ta rufuwa sai na ƙarshe ya shigo, ko da alwala ya tsaya yi. Wannan ta rufe a fuskata. Na ga farar hular Kawu ta gilashi tana tafiya. Fasfonsa da wayarsa da maganinsa duk suna rataye a kafaɗata, kuma tun safe shayi kawai ya sha.

Kullum abin da nake gaya wa baƙi a Uhudu shi ne, wanda ya ɓata ya zauna inda yake, mu za mu zo mu same shi. Amma ban taɓa zama wanda ya ɓata ba, ni mai nema ne. Na faɗa jirgi na gaba. Na sauka tasha ta gaba, na duba, babu shi. Na sake shiga wani. Haka na dinga yi, sauka da hawa, ina kutsawa cikin mutane ina kiran "Kawu!" a wurin da ba mai ɗaga murya. A Shinjuku na ga taron da ban taɓa gani ba sai a Mina, amma kowa shiru, kowa ya san inda ya nufa sai ni. Kunya ta hana ni kiran Bashir.

Can na ɗaga kai na ga sunan tasha: Ueno. Inda na tashi na dawo. Azahar ta wuce, lokacin maganin Kawu ma ya wuce. Nan na kira.

"Fen abuya?" in ji Bashir, yana tambayar ina mahaifinsa.

Na gaya masa.

"Sa'idu, jirgin zagaye yake yi, ya dawo inda ya tashi. Shi nake faɗa ka ce halas. Zauna. Kar ka motsa."

Na sami benci na zauna rungume da jaka. Jirage suna zuwa suna wucewa, kowanne ƙafata na so ta tashi. Ban taɓa sanin zaman nan da nake sa tsofaffi suna yi a rana yana da nauyi haka ba.

Sai ga wani jirgi ya tsaya, ƙofa ta buɗe, farar hula ta fito a hankali. Wata tsohuwa 'yar ƙasar tana ɗaga masa hannu ta taga, da dabino a hannunta.

"Kai ɗan nan, ina ka shiga?" in ji Kawu. "Na zagayo nan ɗazu ba ka nan. Na ce to, yaron ya ɓata, bari in sake zagayawa in nemo shi."

"Kawu, ka ci wani abu?"

"Dabinon aljihuna, ni da maƙwabciyata. Ni dai na ga Tokyo kaf a zaune. Kai me ka gani?"

"Ƙafafun mutane."

Na ɓallo masa magani. Ya sha, ya miƙo hannu. "Ba ni fasfona da wayata. Kai ne abin a riƙe wa."

Hakone

Kafin mu taso Bashir ya kai mu Hakone, cikin duwatsun yamma, inda ƙasa ke fitar da tururi mai warin ƙwai. Daga bakin tafki muka hango Dutsen Fuji da farin ƙanƙara a kansa. Kawu ya ce yana da kyau, amma Uhudu ya fi shi kwarjini. Duk inda muka shiga mota ko jirgi, shi ke riƙe hannun rigata.

Komawa gida

Mun sauka Madina da hantsi lafiya. Na gode wa Allah da Ya mayar da mu, na gode wa Bashir da bai kai maganar gida ba, duk da Kawu ya kai ta tun kafin mu cire takalma. Da na koma aiki, wata tsohuwa daga Damagaram ta ɓace mana a Uhudu. Na same ta zaune a inuwar wata rumfa, tana raba ido. Da can faɗa nake fara yi. Na durƙusa na ce, "Sannu da jira, Hajiya. Kin yi daidai."