Kaset ɗin da Baba ya saurara

Ina aikin buga takardu a ofishin wani kamfanin auduga a Garwa lokacin da aka kawo mana na'urar kwamfuta, a ƙarshen mulkin shugaban ƙasa na farko. Wani injiniya da ya zo daga kudu ya koya mini ba ta umarni, layi bayan layi. Ya ce kafin a ajiye komai sai an buɗe fayil, a rubuta, sannan a rufe. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wurin ajiyar: kaset ne, irin wanda muke jin waƙa da shi a gida.

Da na ba Baba labari, sai ya ce in kawo masa ya ji. Mahauci ne, ba ya yarda da abin da bai taɓa da hannunsa ba. Na sayi sabon kaset, na nemi izinin injiniyan, na rubuta gaisuwa da Hausa, da Fulatanci, da Faransanci, kowace a fayil ɗinta.

Bayan la'asar muka sa a rediyonsa. Wata ƙara ce ta fito, siririya, kamar ana wasa wuƙa. Inna ta toshe kunne ta koma kicin. Baba kuwa ya mayar da kaset ɗin baya, ya sake saurara yana ɗaure fuska. Ya ce ƙara ta biyu, wato ta Fulatancin, ta fi tsawo. Na ce gaskiya ne, domin na tambayi lafiyar shanu a ciki.

Sai ya ce, "To idan na'urar ta karanta, kwashewa take yi, ko tana barin saura?"

Ban sani ba. Washegari na gwada. Na buɗe fayil ɗin Hausar don karantawa, gaisuwar ta fito a allo. Na sake, ta sake fitowa, ba abin da ya ragu. Daga nan na koma daidai wurin na rubuta wata kalma, sai tsohuwar gaisuwar ta ɓace gaba ɗaya.

Da na gaya masa, sai ya shafa gemu. Ya ce ashe karatu ba ya cin komai, rubutu ne ake yi da hattara. Daga baya ya tafi da kaset ɗin mahauta, abokan sana'arsa suka yi ta gardama kan wace ƙara ce Faransanci.