Yaya Isa da Buhun Geron Baba Tanko

Da azumin bana yayana Isa ya cika shekara ashirin da tara da rasuwa. Ba na yawan maganarsa, don in na fara sai ta biyo ta kaina, tawa kuwa ba ta da daɗin ji. Amma makon jiya na ga wata ƙungiya a talabijin tana rabon shinkafa, an jera tsofaffi a rana, kowa rungume da buhu ana ɗaukar hoto. Na san da Yaya yana da rai, kashe akwatin zai yi ya fita waje.

Wajen tsakiyar shekarun alif ɗari tara da hamsin, Turawa ba su tafi ba tukuna, muna da wata 'yar ƙungiya ta taimakon jama'a. Telolin Fagge ne, da ma'aikatan tashar jirgin ƙasa, da wasu malaman makaranta Kiristoci 'yan ƙasar Zariya mazauna Sabon Gari. Mukan yashe kwata kafin damina, mu duba marasa lafiya, mu yi wa baƙon da ya mutu ba dangi sutura. Yaya ɗan dako ne a tasha, shi ke kai hatsi gidajen da ake cikin rashi. Bai taɓa cewa sadaka ce ba. Sai ya turo amalanke da rana tsaka, ya sauke buhu a zaure, ya ce, "Saƙo ne daga tasha," ya juya tun kafin a kawo masa ruwa.

Cikin masu samun saƙon akwai Baba Tanko, tsohon dillalin goro da karayar arziki ta samu, idonsa kuma ya yi rauni. A da rabin layinsu a ƙofarsa suke cin tuwo. Ɗansa tilo, Habu, ya hau jirgi ya tafi kurmi shekara bakwai, ko wasiƙa babu. Ranar da buhu na farko ya iso, tsohon ya shafa shi, ya ce Habu ne ya aiko. Yaya bai ce e ba, bai ce a'a ba. Tun daga nan Baba Tanko ya koma zama a ƙofar gida, duk wanda ya gaishe shi sai ya ji cewa yaron bai manta da ubansa ba.

Ni kuwa lokacin na gama makarantar midil, na samu aikin akawu a Kantin Kwari, ina ji da kaina, biro biyu a aljihu. Aka naɗa ni sakatare. Na ce jama'a ba su san aikinmu ba, shi ya sa ba sa shigowa. A yi taro a fili, a gayyaci manya, a kira masu karɓa da suna. Yaya ya ce, "Sani, mutanen nan ba su roƙe mu ba. Ƙyale su a gidajensu." Na yi dariya, na ce tsarin zamani ba aikin 'yan dako ba ne. Na bari sai da ya tafi Gusau rakiyar kaya, sannan na shirya taron.

Ni na aika aka riƙo hannun Baba Tanko. Ya sa babbar rigarsa ta Salla, a zatonsa addu'a aka kira shi ya yi. Na miƙe a gaban jama'a na karanto sunansa, na ce fiye da shekara ke nan ƙungiya tana ciyar da shi. Aka tafa. Da aka kawo shi gabana sai ya laluba ya kama hannun rigata, ya tambaye ni a hankali, "Ɗan nan, ashe ba Habu ba ne?"

Ya saki rigata, ya juya. A wurin ya bar buhun da aka tanadar masa.

Da Yaya ya dawo bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Sau biyu ya kai hatsi, tsohon yana sawa a mayar. Sai ya sake dabara. Kullum da almuru ya ɗauki kwanon tuwonsa daga gidanmu, ya taka har ƙofar Baba Tanko, ya ce shi ba ya iya cin abinci shi kaɗai, ciyayya ya zo. Ciyayya kuwa kowa nasa yake kawowa a ci tare, don haka tsohon bai da hanyar ƙi. Ko ƙanzo ya fito da shi, Yaya kan ci ya yaba. Haka suka yi wata bakwai har Allah ya karɓi ran tsohon. Habu bai zo ba, sunansa kuma bai sake fitowa daga bakin ubansa ba. Yaya ya bi bayan tsohon da shekara uku, bayan ciwon kwana biyu.

Ƙungiyar ta watse tuni, gidan Baba Tanko ya zama shagon atamfa. Yaya bai bar gida ba, bai bar hoto ba. Amma har yau a Fagge nakan gamu da tsohon da zai riƙe hannuna ya ce a zaurensu yayana ya taɓa sauke buhu, kuma maƙwabta ba su sani ba har gobe. Allah ya jiƙansa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa mutane.

Abin da ya rage a wajena kuwa ya fi nauyi. A cikin watannin nan bakwai, kowace yamma sai ya tsaya a ƙofar ɗakina da kwanonsa a hannu, ya ce, "Sani, za ka zo?" In ce sai gobe. Bai taɓa gajiya da tambaya ba, ni kuma ban je ba ko sau ɗaya.