Tagogin da Aka Toshe

Sabo mutumin Wusasa ne, shekararsa tara yana zanen gine-gine a wani kamfani a Al Qusais, can ƙasar Larabawa. Ofishinmu ɗaya, kuma na daɗe da sanin ba a yi masa hirar taga.

Mahaifinsa, Malam Barau, malamin coci ne da ya koyi Ibrananci da tsufansa. Yana nazarin yadda Littafi Mai Tsarki ya bayyana ginin Haikali, wato babban ɗakin ibada, sai kalma ɗaya ta tsaya masa a rai: atumot, wadda aka siffanta tagogin da ita. Wasu masana sun ce masu raga ne, wasu sun ce tsukakku, wasu kuma sun ce toshe su aka yi.

Ya kira ɗansa a waya. "Kai da ka san gini, me zai sa mutum ya fitar da taga kuma ya toshe ta?"

"Baba, ina kan aiki, zan kira ka," in ji Sabo.

Ranar Laraba ke nan. Asabar aka binne tsohon.

Yanzu kullum dogayen benaye Sabo yake zanawa, masu gilashin da ba ya buɗuwa. Wani lokaci sai in ga hannunsa ya tsaya cak, bakinsa yana motsi. Shekara huɗu ke nan yana ba Baba amsa.